Riba da Kuɗin Wa? Jawabi kan Hannun Jarin Gida da na Waje



Iyayena malamai da dattawa, alhazai ƴan kasuwa, iyaye mata na ƙungiyoyin asusu, da ƙannena samari da suka taso daga Agye da Gazawa da Gidan Rumji, sannunku da hanya, barkanku da zuwa Cadawa.

An ce in yi magana kan kasuwar hannun jari, wato in gwada ribar ta gida da ta waje. Da wani dattijonmu ya ji take, sai ya ce mini: "Yaro, mu da ke neman na hatsi, me ya haɗa mu da kasuwar Turawa?" Na ce Baba, wayar salula ce ta haɗa mu. Yanzu yaro na zaune gindin darbejiya, sai ya nuna maka lambobi kore a waya, ya ce kasuwar Legas ta ninka, kasuwar Amurka ta tashi, kai kana nan kana ɓoyon aya. Makon jiya wata uwarmu, shugabar asusu, ta tambaye ni ko su ɗauki abin da ke cikin akwati su ba wani ɗanta ya saka masu a Najeriya. Kuɗin mata talatin ne, tarin shekara guda. Saboda ita da irinta na yarda in tsaya gabanku yau.

Mu fara daga tushe. Hannun jari wani ɗan yanki ne na mallakar kamfani. In ka saya, ka zama ɗaya daga cikin masu kamfanin, ko da rabonka bai fi ƙwayar aya cikin buhu ba. Riba na zuwa ta hanya biyu. Akwai rabon da kamfani ke yi wa masu shi a ƙarshen shekara in ya ci riba. Akwai kuma tashin farashi, ka saya jika biyu ka saida jika uku. Faɗuwa ma ta nan take biyowa. Kowace kasuwa tana da ma'auninta, lamba guda da ke nuna ko farashin kamfanoninta a jimlace ya hau ko ya sauka. In kun ji rediyo ya ce kasuwa ta tashi da kashi kaza cikin ɗari, wanga ma'auni ake nufi.

To wace ce ta gida, wace ce ta waje?

Daga Maraɗi ka bi ta Ɗan Isa, ka tsallaka Jibiya, kafin azahar kana Katsina. Can danginmu suke, harshe ɗaya, aure ɗaya. Amma a lissafin jari, Najeriya waje ce, domin kasuwarta da ke Legas da naira take ciniki. Abidjan kuwa sai ka yi kwanaki a mota, ba ka da kowa can sai ƴan ci-rani, amma ita ce gida. Can ne mazaunin kasuwar BRVM, wadda ta fara aiki a Satumba 1998, ta ƙasashe takwas na UEMOA: mu, Benin, Burkina Faso, Kodibuwa, Gini Bisau, Mali, Senegal da Togo. Da sefa ake saye, da sefa ake saidawa. A wanga fage, abin da ke raba gida da waje shi ne kuɗin da ake ƙirga riba da shi.

Yanzu ku ba ni hankalinku, zan yi lissafi, kuma ba mai wuya ba ne.

A shekarar 2023 ma'aunin kasuwar Legas ya tashi da kusan kashi 46 cikin ɗari. A 2024 ya ƙara kusan kashi 38. In ka haɗa shekarun biyu, wanda ya zuba naira ɗari ya wayi gari da naira ɗari biyu. Ninki. Yaron nan mai waya bai yi ƙarya ba.

Mu ɗauki mutum uku da suka shiga wagga kasuwa rana ɗaya, a farkon 2023, suka fita rana ɗaya, a ƙarshen 2024.

Na farko Bakano ne, ko Bakatsine. Da naira yake samu, da naira yake cefane. Tsadar kaya a Najeriya ta kai kusan kashi 29 a ƙarshen 2023, ta kusa kashi 35 a ƙarshen 2024. Abin da yake saye naira ɗari ya koma wajen naira 174. Shi kuma ɗarinsa ta zama ɗari biyu. Wannan ya tsira da dukiyarsa, har ya ɗan ƙaru. Da ya ɓoye kuɗin ƙarƙashin katifa, da tsada ta cinye masa kusan rabi.

Na biyu ɗan Cadawa ne. Ya saida aya da wake, ya haɗa jika dubu, miliyan guda kenan na sefa. Ya je wajen ƴan canji. A lokacin jika guda tana kawo wajen naira 1,200, sai aka ƙirgo masa naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Shekara biyu, kuɗi suka ninka, suka zama miliyan biyu da dubu ɗari huɗu. Murna har kunne. Ya dawo wajen ɗan canjin nan. Yanzu jika guda sai da wajen naira 2,500. Ku raba da kanku. Jika 960 aka miƙo masa. Ya kai dubu, ya dawo da 960, a kasuwar da ta ninka! In an haɗa rabon ribar da kamfanoni suka ba shi, ya maida uwar kuɗinsa da ɗan na goro. A cire ladan dillali, a cire na ɗan canji zuwa da dawowa, a cire haraji, shi kenan, ya yi wa wasu gadin kuɗi shekara biyu.

Na uku Bature ne daga Landan ko Niyok, mai jarin ƙetare na sosai. Shi ta banki ya shigo, da farashin gwamnati. A farkon 2023 dalar Amurka guda, ba dalarmu ta sefa biyar ba, tana wajen naira 460 a banki. Ya kawo dala dubu, aka ba shi naira dubu 460. A watan Yuni 2023 gwamnatin Bola Tinubu ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Kafin ƙarshen shekara dala ta kai wajen 900, a ƙarshen 2024 ta wuce 1,500. Kuɗinsa sun ninka sun zama naira dubu 920, ya maida su dala, ya tashi da wajen dala 600. Kashi 40 cikin ɗari sun tafi.

Kasuwa ɗaya, kamfanoni ɗaya, rana ɗaya. Ɗaya ya ƙaru, ɗaya ya tashi yadda ya zauna, ɗaya ya tafka hasara. Me ya raba su? Kuɗin da kowa ke sayen tuwonsa da shi.

Alhazanmu, ai wanga ba sabon karatu ba ne gare ku. Duk wanda ya taɓa kai raguna ko wake Jibiya ya san shi. Ka saida da tsada a naira, kana dariya, ka zo canji fuska ta canza. Dattawa na tuna farkon shekarun 1980, lokacin da naira guda ta fi dalar Amurka daraja. Suna tuna Afrilun 1984 da aka sauya takardun naira aka rufe iyaka, mutane suka kwana da jakunkunan takardun da ba su sayen ko ashana. Ƙananan cikinmu ma sun ga sauyin kuɗi na ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023. Abin da ɗan kasuwar Maraɗi ya sani da ka, shi ne manyan masu jari ke biyan masana su lissafa masu da kwamfuta.

To da ɗan Cadawan nan ya tsaya gida fa? Ma'aunin BRVM ya tashi da kashi 5 da ɗoriya a 2023, sannan da kusan kashi 29 a 2024. In ka ji lambobin, sai ka ce ina za a haɗa su da na Legas. Amma jika dubunsa da sun zama wajen jika 1,360, ba canji, ba ɗan canji, kuma ba a ma sa rabon riba a ciki ba. Ƙaramar lamba ta doke babba, saboda da sefa aka ƙirga ta.

Na san wani zai ce to Amurka fa? Gaskiya ne, a waɗannan shekaru biyu ita ta fi. Ma'auninsu na manyan kamfanoni ɗari biyar, S&P 500, ya tashi da kashi 24 a 2023, da kashi 23 a 2024, dala kuma ta ɗan ƙara daraja kan sefa. Jika dubu da sun kusa 1,600. Amma ku jira ku ji. Sefarmu ɗaure take da kuɗin Turai tun Janairu 1999, Yuro guda sefa 655 da ɗoriya, kusan 656. In Yuro ya hau kan dala, mu ma mun hau, in ya sauka mun sauka. A wata shida na farkon 2025 dala ta sauko daga wajen sefa 630 zuwa wajen 560. Kasuwar Amurka a wannan tsakani ta ƙaru da kashi 5 da rabi. Ba'amurke ya ci riba. Ɗan Nijar da ya shiga a Janairu, in ya ƙirga da sefa a ƙarshen Yuni, ya rage da wajen kashi 7. Kun ga takobin kaifi biyu gare shi. Kuma kar a manta a 2022 wagga kasuwa ta faɗi da kashi 19, a 2008 ta faɗi da kashi 38. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, wanga karo kuwa har da dalar ta Amurka.

Bayan canji akwai abu na biyu, shi ne ƙofar fita. Riba a takarda ba ta sayen tiyar hatsi sai ta fito. Daga 2020 zuwa 2023 masu jarin ƙetare da dama sun saida hannayensu a Legas, ga naira a hannu, amma ba dalar da za su saya su koma gida. Suka yi ta layi a Babban Bankin Najeriya, naira na narkewa a hannunsu. Abin ya kai kamfanonin da ke tsara jerin kasuwannin da manyan masu jari ke bi suka fitar da Najeriya daga jerin ƙananan kasuwanni masu tasowa, FTSE Russell a Satumba 2023, MSCI a Fabrairu 2024. Mu ma mun san rufewar ƙofa. Iyakar Najeriya ta rufe daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO da UEMOA ya sauka kanmu har 24 ga Fabrairu 2024. Wa ya manta layin banki na lokacin, mutum da kuɗinsa ana ƙayyade masa abin da zai ɗauka? Sannan dokar canji ta yankinmu ta ce mazaunin UEMOA da zai fitar da jari wajen yankin sai da izinin ministan kuɗi. Wanda ya bi ta bayan gida, ya saka kuɗinsa da sunan ɗan uwansa na Katsina, to a takarda dukiyar ta ɗan uwan ce. In rai ya yi halinsa, magada da takarda za su yi aiki.

Kar ku ce na zo tallar Abidjan. Gwano ba ya jin warin jikinsa, amma mu bari mu shinshina namu. BRVM ta yi shekara biyar a jere tana sauka, daga 2016 har 2020. Ma'auninta ya sauko daga sama da 300 zuwa ƙasa da 150. Wanda ya shiga a ƙarshen 2015 ya ga rabin kuɗinsa sun tafi, ba canji, ba naira, ba wanda zai ɗora wa laifi. Sai a 2021 ta farfaɗo da kashi 39. Ƙaramar kasuwa ce, kamfanoninta ba su kai hamsin ba, mafi yawansu na Kodibuwa. Ƴan manya irin Sonatel ta Senegal da Orange ta Kodibuwa su ke jan ragama. Wani hannun jarin in ka tashi saidawa da yawa, sai ka jira mai saye. Daga Nijar kuwa kamfani ɗaya tak ke ciki, bankin BOA Nijar.

Ita kanta sefa ba aya ce da aka saukar ba. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka wayi gari an karya ta rabi. Faran na Faransa da ke dala goma ya koma dala ashirin. Iyayenmu da ke nan sun ga yadda farashin magani da taki da littafin lakol ya yi tsalle. A ranar, mai dukiya a waje shi ya ci, mai sefa a hannu ya sha ƙasa. Yau kuma ƙasarmu ta fita daga CEDEAO tun Janairu 2025, tana cikin ƙawancen AES da Mali da Burkina Faso, amma har yanzu tana cikin UEMOA, ana kuma ta maganar kuɗin kanmu. Ko me mutum ke ra'ayi kan wannan, mai lissafi ya kamata ya sani: ranar da kuɗinmu ya rabu da na Abidjan, Abidjan ta zama waje kamar Legas, lissafin canji ya shigo. Shi ya sa masu jari na duniya ba su zuba komai wuri ɗaya. Manomi ma ai haka yake, hatsi a jigawa, dawa a fadama, wake a tsakani, ga ƴar akuya a gida.

Yanzu in koma ga tambayar Baba. Ko ba ka taɓa sayen hannun jari ba, lissafin Baturen nan na uku yana taɓa aljihunka. Duk wanda ya sa kati a layin Airtel a nan Cadawa, wani ɗan abu daga ciki na tafiya ga masu hannun jarin Airtel Africa, kamfanin da aka sa a kasuwar Landan da ta Legas a 2019, mai aiki a ƙasashe 14 na Afirka. Da dala yake rufe littafinsa. A shekararsa da ta ƙare a Maris 2024, mutane sun ƙara kira, sun ƙara hawa intanet, amma ya bayyana hasarar dala miliyan 89, babban dalili karyewar naira. Moov kuma na Maroc Telecom ne, wanda ke kasuwar Kasabalanka da ta Paris. Masu irin waɗannan kamfanoni kullum suna gwada mu da wasu wurare. Mai dala na cewa: in na zauna gida ina samun kaza hankali kwance, to me za ku ƙara mini in zo inda kuɗi ke iya karyewa, ƙofa ke iya rufewa? Ƙarin nan da yake nema, mu ke biyansa, a farashin kira, a ruwan da gwamnati ke biya in ta ci bashi a kasuwar yanki, a masana'antar da ba a gina ba. Ayarmu na fita ɗanya buhu-buhu, wasu su sarrafa ta su ci ribar. Injin da zai sarrafa ta a nan jari yake so, jari kuma da wanga ma'auni yake auna mu.

Shi ya sa nake ganin ƴan farar hula muna da abin faɗa. Mu tambayi mahukunta da Majalisar Ƴan Kasuwa me ya hana kamfanonin ƙasar nan shiga BRVM, ɗan ƙasa ya samu rabo cikin siminti da sadarwa da sufurin da shi ke biya. Mu nemi gidajen rediyon karkara su riƙa bayanin wagga kasuwa da Hausa, yadda suke faɗin farashin tiya. Tsarin Mata Masu Dubara a jihar nan ta Maraɗi aka fara shi a 1991, yau ana kwaikwayonsa a ƙasashe da yawa. Mutanen da suka koya wa duniya asusu ba za a ce lissafin jari ya fi ƙarfinsu ba.

Ga ƙannena masu waya, da uwarmu mai akwatin asusu, ga abin da zan bar maku. Duk wanda ya zo maku da lamba, ku yi masa tambaya huɗu. Da wane kuɗi aka ƙirga ribar nan? In an maida ta sefa, an cire lada da haraji, nawa ya rage? Ta wace ƙofa kuɗina za su dawo, kuma sunan wa ke takarda? Wace hukuma ta ba ka izini? A yankinmu hannun jari ta hannun dillalan da ake kira SGI ake sayensa, akwai a Yamai, kuma hukumar AMF-UMOA ce ke ba su lasisi. A Najeriya hukumar SEC ce. Wanda ba shi da lasisi, ya ce zai ninka maka cikin wata guda, ba kasuwar hannun jari yake ba. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016, CBEX ta bi sahu a Afrilu 2025, kuma da hoton lambobi kore suka jawo mutane. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Kasuwar gaske tana faɗuwa, kun ji da kunnenku, har ta Amurka. Wanda ya ce tasa ba ta faɗuwa, ku riƙe aljihunku.

Kar a ci bashi a saka. A 2008 mutane da yawa a Kano da Legas sun ranto kuɗin banki sun sayi hannun jarin bankuna, kasuwa ta faɗi da kusan kashi 46 a shekara guda, jari ya tafi, bashi ya zauna. Kar a saka kuɗin iri da taki, ko na magani, ko na aurar da ɗiya. Wanda zai shiga, ya shiga da abin da zai iya mantawa da shi shekara biyar. Game da halacci kuwa, ga malamanmu zaune: a duba sana'ar kamfani kafin a saya, a tambaye su hukuncinta da na zakkarta.

Uwarmu, amsar da na ba ki a gida ita zan maimaita a gaban jama'a. Kuɗin asusu a kaka ake raba su, mata na jiransu da buƙatunsu a ƙirge. Kuɗin da ke da ranar dawowa ba a kai su inda ba a san ranar fitowarsu ba, balle a tsallaka da su canji sau biyu. Ku bar su suna juyawa tsakaninku. In wata rana kun tara rarar da ba ku da buƙatarta kusa, ku zo mu zauna da alƙalami, mu yi lissafin da sefa, da sunan ƙungiyarku a takarda.

 Kuskuren da ke ciki nawa ne, a gyara mini. Allah Ya sa albarka a neman kowa, Ya ba mu damina mai kyau, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya maida kowa gidansa lafiya.